Al-Jahiz na Basra da Asalin Raƙumin Dawa

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani malami wanda ya ƙi yarda a yanke wa dabbobi zumunta don kawai sun yi kama da juna.

Sunansa Amru ɗan Bahru, ana yi masa alkunya da Abu Usman. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 160 bayan Hijira, wato wajen 776 Miladiyya. Laƙabin Al-Jahiz kuwa ya samo shi ne saboda idanunsa da suka firfito waje. Ɗan talakawa ne. Masu tarihi sun ce an gan shi yana sayar da gurasa da kifi a bakin wani rafi na Basra. Ya yi karatu a zaurukan babban masallacin garin, yana kuma fita kasuwar Mirbad yana sauraron Larabawan ƙauye, waɗanda suka san raƙumi da kura da jimina sanin ido. Ya ɗauki lugga daga Asma'i da Abu Ubaida da Abu Zaid, ya ɗauki ilmin kalam daga Nazzam. An ruwaito cewa yakan kama hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana ciki yana karatu.

Wajibi ne mu faɗa cewa a aƙida Ba-mu'utazile ne, kuma malaman hadisi ba su dogara da ruwayarsa ba. Don haka ba ma ɗaukar aƙida ko hadisi daga gare shi. Amma a fagen Larabci da lura da halittu, kowa ya sallama masa.

Rubutunsa ya kai ga Halifa Ma'amun, ya yaba, daga nan Jahiz ya zauna Bagadaza da Samarra cikin inuwar manya. Littattafansa suna da yawa, har da wanda ya yi kan marowata da wanda ya yi kan alfaharin baƙar fata. Mafi girmansu shi ne Kitabul Hayawan, wanda ya sadaukar ga waziri Ibnuz Zayyat, aka ba shi dinari 5,000. A bugun Abdussalam Harun na Misra ainihin littafin ya cika mujalladi 7. Manufarsa ita ce nuna hikimar Allah a cikin halitta, tun daga giwa har ƙuda. Ya karanta littafin dabbobi na Aristotal cikin fassarar Larabci, ya amfana da shi, amma inda ya ga maganar ta saɓa wa abin da ido ya gani, sai ya yi masa gardama ba tare da jin nauyi ba.

A zamaninsa mutane suna cewa dabbar da Larabawa ke kira zarafa haɗin gambiza ce, wai an same ta ne daga barbarar raƙuma da kura da saniyar daji. Jahiz ya ƙaryata wannan, ya ɗauke shi jahilci. Ya kuma gano inda kuskuren ya samo tushe. Farisawa sun haɗa sunayen dabbobi uku sun raɗa mata, kamar yadda suka kira jimina da sunan da ke nufin raƙumi-tsuntsu. Sunan kwatance ne, sai masu ji suka mai da shi nasaba. Ya san barbarar jinsi biyu tana yiwuwa tsakanin makusanta kamar doki da jaki, har ya rubuta littafi guda kan alfadari, amma bai yarda ana ƙirƙiro ta duk inda aka ga kama ba.

To, mu ma Hausawa abin da muka yi ke nan. Mun dubi dogon wuya da dogayen ƙafafu, muka ce raƙumin dawa. Turawa ma ba su tsira ba, domin sunan da masanansu suka ba ta da Latin ya haɗa raƙumi da damisa. Wanda ya saba ganin raƙuma a kasuwannin Konni da Illela, in ya je Kure kusa da Yamai ya ga waɗannan dabbobi, zai rantse 'yan ɗaki ɗaya ne. Kure nan ne ragowarsu na Afirka ta Yamma suka tsira, bayan yawansu ya ragu zuwa kimanin 50 a shekarar 1996, kuma a 2018 aka kwashi wasu zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi.

Masana ilmin halittu na yau, waɗanda ke bin asalin jinsuna kamar rassan bishiya, sun mai da wannan taka-tsantsan na Jahiz ƙa'ida. Wanda ya tsara ta shi ne Wili Henik, Bajamushe masanin ƙudaje, a littafinsa na 1950. Ya raba sifofin da dabbobi ke tarayya a kai. Akwai tsohuwar sifa wadda aka gada daga kaka mai nisa. Raƙumi yana da gaɓoɓin ƙashin wuya 7, raƙumin dawa ma 7, amma ɓera da akuya da kusan duk mai shayarwa haka suke. Wannan ba ya nuna wa ya fi kusa da wa. Akwai kuma sabuwar sifa wadda ta ɓullo a reshe ɗaya, zuriyarsa kaɗai ta gaje ta. Ita ce hujja.

Almajiran ilmi za su gane wannan da sauri. In aka tara kwafi goma na littafi ɗaya rubutun hannu, daidaiton da duk suka yi bai gaya mana wanne aka kwafa daga wanne ba. Amma in uku daga ciki suka tsallake layi ɗaya a wuri ɗaya, mun san daga hannun mai kwafi ɗaya suka fito.

Da aka auna raƙumin dawa da wannan ma'auni, sai ya faɗa cikin dangin shanu da tumaki da barewa. Cikinsa ɗaki 4 ne kamar nasu, kofatonsa rababbe ne, yana kuma da 'yan ƙahoni lulluɓe da fata. Raƙumi kuwa, ko da yake yana tuƙa, cikinsa ɗaki 3 ne, ba shi da ƙaho, kuma a kan tafi mai laushi yake takawa. Dogon wuyan kowannensu daban ya same shi. Mafi kusa da raƙumin dawa ita ce okapi ta dazukan Kwango, wadda masana suka bayyana a 1901, wuyanta kuma gajere ne in an gwada. Binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa wannan hukunci. Haka nan jemage, wanda Jahiz ya lura yana tashi amma yana haihuwa yana shayarwa, fiffikensa bai sa shi cikin tsuntsaye ba.

Wasu marubutan zamani suna cewa Jahiz ya riga Darwin, mai littafin 1859, zuwa ga ra'ayin sauyawar jinsuna. A ganinmu wannan zuzutawa ce. Gaskiya ne ya yi magana kan yadda dabbobi ke cin junansu don su rayu, da yadda ƙasa ke rina launin mazaunanta. Amma ya kasa dabbobi ne bisa tafiya da tashi da iyo da jan ciki, bai zana musu bishiyar asali ba. Abin da ya bari ya ishe shi girma ba sai an ara masa na wani ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma Basra, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gaɓoɓi suka kwantar da shi shekaru. Ya rasu a watan Muharram na 255 bayan Hijira, daidai da ƙarshen 868 ko farkon 869, yana da shekara fiye da 90. Labarin da ake yawan bayarwa cewa tarin littattafansa ne suka rushe a kansa, daga baya ya bayyana, kuma irin labarin da shi kansa zai nemi shaida kafin ya karɓa ne. Allah ya gafarta mana da shi, amin.