Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Ya Karanci Zamaninsa

An haifi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji cikin 1877, daga zuriyar Agalawa, fatake. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, wata dattijuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan ya samo laƙabinsa.

Da ya tasa sai ya shiga fataucin goro. Yayin da sauran fatake ke kwashe watanni bisa hanyar Gwanja da jakuna, shi sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe a 1912, bai tsaya kan sana'ar gado kaɗai ba, ya rungumi sabon cinikin. Wannan cinikin ne daga baya ya raya garuruwan bakin dogo, irin su Malam Madori ta ƙasar Haɗejiya.

A 1929 ya kai lodin raƙumi 20 na kuɗin azurfa banki a Kano. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955.

Ɗalibi da ma'aikaci su lura: maraici bai daƙushe shi ba, sabo bai ɗaure shi ba, riba kuma ba ta sa shi almubazzaranci ba.