Tarihin Marigayi Felix d'Herelle, Wanda Ya Gano Maciyin Ƙwayoyin Cuta

An haifi Felix d'Herelle ran 25 ga Afrilu, 1873. Bafaranshe ne wanda ya yi zama a Kanada, kuma bai taɓa samun digiri ta hanyar karatun jami'a ba. Da kansa ya koyi ilmin ƙwayoyin cuta daga littattafai, abin da manyan masana na zamaninsa suka daɗe suna yi masa gori a kai.

Bayan ya yi aiki a Gwatamala da Meksiko, sai ya shiga Cibiyar Pasteur ta birnin Paris cikin 1911, ba tare da albashi ba. A cikin 1915 atuni ya ɓarke a wani sansanin sojan doki kusa da Paris, aka tura shi bincike. Da ya tace bayan gidan waɗanda suka fara murmurewa, ya ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin atunin da ya shuka a faranti, sai ya ga wasu wurare sun yi wayam, ƙwayoyin sun narke. Ya gane cewa akwai wata halitta wadda madubin likita na lokacin bai iya nunawa, tana shiga cikin ƙwayar cuta ta hayayyafa har ta fasa ta. Ya raɗa mata suna bakteriyofaj, watau maciyin bakteriya, ya bayyana sakamakon cikin 1917. Wani Baturen Ingila, Frederick Twort, ya riga shi ganin irin wannan cikin 1915, amma bai bi sawun abin ba.

Gwajin farko a kan ɗan Adam an yi shi cikin 1919 a asibitin yara na Paris. Kafin a ba wani yaro mai shekara 12 da atuni ya galabaita, sai da d'Herelle da likitocin suka fara sha da kansu don su tabbata ba ya cutarwa. Yaron ya warke cikin 'yan kwanaki. A cikin 1921 wasu likitoci biyu a Beljiyam, Bruynoghe da Maisin, suka gwada shi a kan maruru, wanda ƙwayar sitafilokokus ke haddasawa. Ita wannan ƙwaya ba a fata kaɗai ta tsaya ba: in ta shiga jinin yaro takan kama ƙashi ko huhu, wasu ire-irenta ma suna fid da dafin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini.

Daga nan ya yi aiki a hukumar tsare annoba ta Masar, wadda ke duba alhazai masu komowa daga Makka, ya yaƙi kwalara a Indiya cikin 1927, sa'an nan ya koyar a Jami'ar Yale ta Amurka. Mutum ne mai zafin kai da son gardama, wannan kuwa bai ƙara masa masoya ba. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai samu ba.

Ya kuma je Tibilisi ta ƙasar Jojiya don taimakon abokinsa George Eliava, wanda ya kafa cibiyar bincike a can cikin 1923. Gwamnatin Stalin ta kashe Eliava cikin 1937, d'Herelle bai sake komawa ba.

Da penisilin ya bazu bayan 1940, likitocin Turai da Amurka suka watsar da hanyarsa. Suna da hujja, gama kowane bakteriyofaj yana da irin ƙwayar da yake ci, kuma yawancin gwaje-gwajen farko ba a tsara su da kyau ba. Ya rasu a Paris ran 22 ga Fabrairu, 1949, kusan an manta da shi.

Tun kafin rasuwarsa sitafilokokus ta fara bijire wa penisilin, cikin 1961 kuma aka gano a Ingila wadda metisilin ba ya kashewa. Wannan ya sa masana suka waiwayi rubuce-rubucensa. Cibiyar Eliava kuwa ba ta taɓa daina aikin ba, har yau tana haɗa bakteriyofaj don masu fama da sitafilokokus.