Urwatu bin Zubair: Tarihinsa da Yadda Ya Karɓi Jarrabawa

Tambaya

Wane ne Urwatu bin Zubair da malamai ke yawan kafa misali da shi idan ana maganar haƙuri? Kuma da me tarihinsa zai amfani wanda zuciyarsa ke tambayar dalilin da ya sa Allah, Mai rahama kuma Mai iko a kan komai, yake barin cuta da mutuwa da zalunci su sami bayinsa na ƙwarai?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, cewa wannan tambaya daɗaɗɗiya ce, kuma malamai sun amsa ta da hujjoji a littattafan aƙida. Akwai kuma waɗanda rayuwarsu ce ta amsa ta. Urwatu bin Zubair, Allah Ya yi masa rahama, yana cikin waɗannan.

Na farko: Nasabarsa da iliminsa

An haife shi a Madina wajen shekara ta 23 bayan Hijira, don haka tabi'i ne, bai riski Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ba. Mahaifinsa shi ne Zubair bin Awwam, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Mahaifiyarsa Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙ. Kakarsa ta wajen uba ita ce Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib, goggon Manzon Allah. Uwar Muminai A'isha ƙanwar mahaifiyarsa ce, Abdullahi bin Zubair kuma wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Allah Ya yarda da su baki ɗaya.

Ya lazimci A'isha har ta rasu, ya zama cikin waɗanda suka fi kowa sanin hadisinta. Ya kuma karɓa daga Zaidu bin Sabit da Abu Huraira da Ibnu Abbas da Ibnu Umar da wasunsu. Ana ƙirga shi cikin fuƙaha'u bakwai na Madina, tare da irin su Sa'idu bin Musayyib da Ƙasim bin Muhammad da Sulaimanu bin Yasar. Yana cikin farkon waɗanda suka tattara labaran sira da yaƙoƙin Annabi, kuma Ɗabari ya kawo wasiƙun da ya rubuta wa halifa Abdulmalik bin Marwan a kan haka. Mafi shaharar almajiransa su ne ɗansa Hisham da Ibnu Shihab Zuhri, wanda ya kamanta iliminsa da tekun da ba ya ƙarewa. Idan ka buɗe Muwaɗɗa ko Sahihul Bukhari, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da sunansa a isnadi.

Na biyu: Abin da ya ji a ɗakin A'isha game da wahala

Ka tsaya a nan kafin ka kai ga labarin ƙafarsa, domin haƙurin da ya yi daga baya yana da tushe.

Shi ne A'isha ta ba labarin cewa suna ganin jinjirin wata har sau uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah ba. Da ya tambaye ta abin da suke rayuwa da shi, ta gaya masa dabino ne da ruwa, sai ɗan nonon da maƙwabta daga mutanen Madina kan aiko. Ta hanyarsa ne kuma aka ruwaito amsar da Annabi ya ba ta game da ranar da ta fi ranar Uhudu tsanani a gare shi, wato lokacin da mutanen Ɗa'if suka ƙi kiransa. Ke nan tun yana matashi ya san cewa wanda Allah Ya fi so a cikin halitta ya ji yunwa, an kuma cutar da shi. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki musiba a matsayin alamar ƙiyayyar Allah ga bawa ba.

Bukhari ya ruwaito cewa Urwatu ya tambaye ta ma'anar aya ta 110 a Suratu Yusuf, wadda ke maganar lokacin da manzanni suka kai matuƙar ƙunci. Ta kore cewa manzanni za su munana zato ga Ubangijinsu, ta bayyana masa cewa bala'i ne ya daɗe a kan mabiyansu, nasara ta yi jinkiri, har manzannin suka fid da rai daga masu ƙaryatawa, suka ji tsoron ko mabiyan nasu ma sun juya, sannan taimakon Allah ya zo. Haka nan hadisin da Bukhari ya buɗe littafin marasa lafiya da shi, mai nuna cewa babu musibar da za ta sami musulmi face an kankare masa zunubi da ita, ko da sukar ƙaya ce, Zuhri ne ya karɓe shi daga Urwatu, shi kuma daga A'isha.

Na uku: Musibun da suka zo masa ta hannun mutane

Yana ɗan shekara goma sha uku aka yi yaƙin Raƙumi a shekara ta 36. An mayar da shi daga hanya saboda ƙuruciya. Mahaifinsa ya janye daga fagen, amma Amru bin Jurmuz ya bi shi ya kashe shi a Wadis Siba'i. A shekara ta 63 rundunar Sham ta afka wa Madina a waƙi'ar Harra. A wannan lokacin ne ya ƙona wasu littattafan fiƙihu da ya rubuta, daga baya ya riƙa nadamar hakan ƙwarai. A shekara ta 64 aka kashe ɗan'uwansa Munzir a ƙawanyar da aka yi wa Makka. A shekara ta 72 aka kashe ɗan'uwansa Mus'ab a Iraƙi. A shekara ta 73 rundunar Hajjaju bin Yusuf ta kashe wansa Abdullahi a Makka, aka gicciye gawarsa, mahaifiyarsu Asma'u kuma ta rasu ba da jimawa ba.

Dubi abin da ya yi. Bai zauna ya ce tun da ƙaddara ce a bar gawar a rataye ba. Ya yi tattaki zuwa wurin Abdulmalik a Sham, ya nemi a sauko da ita a binne, aka kuwa amsa masa. Bai ɗauki makami ya buɗe sabuwar fitina ba, ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa. Da Umar bin Abdul'aziz ya zama gwamnan Madina a shekara ta 87, ya kira malamai goma ya sanya su masu ba shi shawara, ya nemi su sanar da shi duk zaluncin da suka ji wani ma'aikacinsa ya yi, Urwatu yana cikinsu. Imani da ƙaddara bai taɓa mai da zalunci halal ba. Azzalumi ya aikata da zaɓinsa, za a kuma tambaye shi, wanda aka zalunta yana da haƙƙin neman a ɗauke masa cutar ta hanyar da shari'a ta yarda.

Na huɗu: Tafiyarsa zuwa Sham

A zamanin Walid bin Abdulmalik, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 86 zuwa 96, Urwatu ya fita daga Madina zuwa Dimashƙa tare da ɗansa Muhammad, wanda ya shahara da kyawun halitta. A Wadil Ƙura ya fara jin wani abu a ƙafarsa. Abin ya zama gyambo, ya rikiɗe zuwa cutar da Larabawa ke kira akila, wadda ke cin tsoka ta ruɓar da gaɓa. Likitocin halifa suka duba, suka ce idan ba a yanke ƙafar ba cutar za ta haura ta kashe shi. Ya yarda.

An ba shi shawarar ya sha abin da zai gusar masa da hankali don kada ya ji zafi, ya ƙi, domin ba ya son ya kasance cikin halin da ba zai san Ubangijinsa ba. Aka yanke ƙafar da zarto yana ta ambaton Allah, ba wanda ya riƙe shi, sannan aka ƙona dungun da tafasasshen mai don tsayar da jini, a nan ne ya suma. Da ya farfaɗo ya ga ƙafar a hannunsu, sai ya karɓa yana jujjuya ta, ya rantse cewa bai taɓa taka ta da gangan zuwa ga haram ba.

Kada ka fahimci cewa maganin sa barci ko allurar kashe zafi a wajen tiyata haramun ne. Malamai sun halatta su saboda buƙata. Abin da Urwatu ya yi zaɓi ne da ya ɗora wa kansa, bai wajabta wa kowa ba.

A cikin wannan tafiyar dai ɗansa Muhammad ya shiga bargar dawakin halifa, wata dabba ta harbe shi, ya mutu. Wannan karon babu Hajjaju, babu Ibnu Jurmuz, babu wanda za a kama da laifi. Cuta ce da dabba. Irin wannan musiba ce ta fi tayar da tambayar da ka yi.

Zahabi da Ibnu Kasir da wasunsu sun kawo addu'ar da ya yi. Ma'anarta ita ce: ya ƙirga 'ya'yansa maza bakwai, Allah Ya karɓi ɗaya Ya bar masa shida. Ya ƙirga gaɓoɓinsa huɗu, hannu biyu da ƙafa biyu, Allah Ya karɓi ɗaya Ya bar masa uku. Ya gode wa Allah a kan haka, ya yi iƙirarin cewa in an jarrabe shi yau, to an daɗe ana ba shi lafiya, in an karɓa, to abin da aka bari ya fi yawa.

Masu tarihi sun kuma ambaci wani makaho daga ƙabilar Banu Abs da ya zo fadar Walid a kwanakin. Ambaliya ta tafi da iyalinsa da dukiyarsa a dare ɗaya, ba ta bar masa komai ba sai jariri da raƙumi. Raƙumin ya gudu, ya ajiye jaririn ya bi shi, kyarkeci ya ɗauke yaron, raƙumin kuma ya harbe shi a fuska ya makance. Walid ya sa a kai shi wurin Urwatu don ya san akwai wanda bala'insa ya fi nasa.

Na biyar: Abin da za ka ɗauka daga wannan

Urwatu bai ce ya gano dalilin da ya sa aka ɗauki Muhammad aka bar sauran ba, bai kuma nema ba. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce komai yana faruwa da sanin Allah da nufinsa, Allah ba Ya zaluntar kowa, kuma aikinsa ba ya rabuwa da hikima. Abin da yake sharri ta fuskar wanda ya same shi yana iya ɗauke da alherin da bai gani ba. Wani ɓangare na hikimar an sanar da mu: kankare zunubi, ɗaga daraja, bambance mai gaskiya da maƙaryaci, da tunatar da bawa cewa duniya gidan jarrabawa ce, cikar sakamako tana lahira. Wani ɓangaren an ɓoye mana. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa Shifa'ul Alil. Rashin ganin hikima a wani abu ba hujja ba ce a kan babu ita.

Abin da Urwatu ya gyara shi ne inda lissafi yake farawa. Mai tuhumar Ubangijinsa yana farawa ne daga zaton cewa lafiya da 'ya'ya haƙƙinsa ne da aka ƙwace. Urwatu ya fara daga cewa dukkansu kyauta ne daga Mai su. Shekaru sittin da wani abu yana tafiya a kan ƙafar da bai saya ba. Da ya duba ta haka sai ya iske bashin godiya ne a kansa.

Kuma bai ɓoye cewa ya ji zafi ba. An ruwaito cewa bai yi ƙorafi ba a tsawon hanya, amma da ya iso Wadil Ƙura a komawarsa, inda ciwon ya fara, ya karanta aya ta 62 a Suratul Kahfi, wadda Annabi Musa ya ambaci gajiyar da tafiya ta jawo masa. Hawaye da baƙin cikin zuciya da faɗin cewa an wahala ba su warware haƙuri. Annabi da kansa ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi.

Ka lura kuma da yadda ake yi wa mai musiba magana. Isa bin Ɗalha, wanda shi ma mahaifinsa ya rasu a ranar Raƙumi, ya zo duba shi a Madina. Bai ce masa wani zunubi ne ya jawo ba. Ya nuna masa cewa dama ba don kokawa ko tsere suke buƙatarsa ba, abin da suke buƙata shi ne hankalinsa da iliminsa, kuma Allah Ya bar musu su. Urwatu ya ce ba wanda ya yi masa ta'aziyya irin wannan. Idan ka je gaishe da marar lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa, ka tuna masa abin da ya rage masa, ka bar binciken laifinsa ga Allah.

Na shida: Ibadarsa da rasuwarsa

Al'adarsa ce ya karanta rubu'in Alƙur'ani kullum da rana yana duba Mus'hafi, ya yi tsayuwar dare da shi. An ce bai bar wannan ba sai daren da aka yanke ƙafarsa, washegari da dare ya koma. Yana da gonar dabino, idan lokacin nunarsa ya yi sai ya fasa katangar don mutane su shiga su ci su ɗiba. Ya haƙa rijiya a kwarin Aƙiƙ da ta shahara da daɗin ruwa, har yau ana kiranta da sunansa. Ya ci gaba da karantar da hadisi da fiƙihu da ƙafa ɗaya har ƙarshen rayuwarsa.

Ya rasu a gonarsa da ke yankin Fur'u, a wajen Madina, a shekara ta 94 bisa zance mafi shahara, shekarar da ake kira shekarar fuƙaha'u saboda yawan malaman da suka rasu a cikinta. Ɗansa Hisham ya ce yana yawan azumi, kuma da azumi a bakinsa ya cika.

Idan kai ne jarrabawa ta sama, ka nemi magani, ka nemi haƙƙinka in an zalunce ka, ka kai kukanka ga Allah, sannan ka zauna ka ƙirga abin da Ya bar maka kamar yadda Urwatu ya ƙirga. Idan kuma kana cikin lafiya, yanzu ne lokacin koyon waɗannan hadisai da riƙe wuridinka na Alƙur'ani, domin da abin da ya tara a kwanakin sauƙi ya tsaya a ranar tsanani.

Muna roƙon Allah Ya yi masa rahama, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba mu afuwa da zaman lafiya duniya da lahira.

Allah ne Mafi sani.