Dixie Dean: Ɗan wasan da ya ci ƙwallo 60 a kaka guda

Kusan shekara ɗari ke nan ba a sami ɗan wasan da ya kamo tarihin da William Ralph Dean ya kafa a gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila ba. A kakar wasanni ta 1927 zuwa 1928 ya zura wa ƙungiyar Everton ƙwallo 60 a raga cikin wasanni 39, yana ɗan shekara 21.

Erling Haaland na Manchester City, wanda ya kafa tarihin gasar Firimiya a kakar 2022 zuwa 2023, ƙwallo 36 ya ci. Lionel Messi kuma, a kakar da ya fi haskakawa a gasar Sifaniya, ya tsaya a kan 50.

Abin da ya ƙara wa labarin Dean armashi shi ne, ƙasa da shekara biyu kafin ya ci ƙwallon nan ta 60, yana kwance a asibiti da fasasshen ƙoƙon kai, likitoci na shakkar ko zai sake taka leda.

Yaron Birkenhead

An haife shi ranar 22 ga watan Janairun 1907 a garin Birkenhead, wanda kogin Mersey ya raba shi da birnin Liverpool. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma shi ya fara kai shi filin Goodison Park kallon Everton a kakar 1914 zuwa 1915, kakar da ƙungiyar ta lashe gasar. Tun daga ranar yaron bai sake sha'awar wata ƙungiya ba.

Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya shiga koyon aikin gyaran injuna a kamfanin jirgin ƙasa na yankinsu. Aikin dare ya riƙa zaɓa domin ya sami damar buga ƙwallo da rana. A 1923 ƙungiyar garinsu, Tranmere Rovers, wadda ke rukuni na uku, ta ɗauke shi.

A nan ne laƙabin Dixie ya bi shi. Wasu na cewa duhun fatarsa da nannaɗaɗɗen gashinsa ne suka sa 'yan kallo suka kwatanta shi da mutanen kudancin Amurka, yankin da ake kira da wannan suna. Wasu kuma na ganin wani laƙabi ne na ƙuruciya baki ya lanƙwasa. Ko ma dai yaya ne, shi bai taɓa son sunan ba, ya fi son a kira shi Bill.

A watan Maris na 1925 Everton ta saye shi a kan fam 3,000, kuɗi mai yawa a kan ɗan shekara 18 daga rukuni na uku. An ruwaito cewa fam 30 kacal ya shiga hannunsa daga cinikin. A cikakkiyar kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 32.

Sai kuma a watan Yunin 1926 ya yi hatsarin babur a kusa da garin Holywell da ke arewacin Wales. Ƙoƙon kansa ya tsage, muƙamuƙinsa ya karye. Amma kafin shekarar ta ƙare ya koma fili, kuma bai ji tsoron sa wa ƙwallo kai ba. Ƙarfin da yake buga ƙwallo da ka ya kai har jama'a suka riƙa yaɗa cewa likitoci sun bar masa farantin ƙarfe a goshi, zancen da ba shi da tushe. A watan Fabrairun 1927 ya fara buga wa Ingila wasa, ya ci Wales ƙwallo biyu, sannan ya ci Scotland biyu a birnin Glasgow a watan Afrilu.

Ita kuwa Everton da ƙyar ta tsira daga faɗuwa zuwa rukuni na biyu a wannan kaka, inda ta ƙare a matsayi na 20 cikin ƙungiyoyi 22.

Dokar satar gida

Ba a fahimtar ƙwallo 60 ɗin Dean sai an koma ga wani sauyi da aka yi wa dokokin wasa a 1925. Kafin lokacin, sai akwai abokan hamayya uku tsakanin ɗan wasan gaba da layin raga a daidai lokacin da aka miƙa masa ƙwallo, in ba haka ba ya yi satar gida. 'Yan baya suka gano lagon dokar: ɗaya daga cikinsu zai matso gaba kaɗan, shi ke nan alƙalin wasa ya hura usur. Bill McCracken na Newcastle United ya yi suna wajen ɗana wannan tarko. Cin ƙwallo ya yi ƙaranci, wasa ya fara gundurar 'yan kallo.

Da aka mayar da adadin zuwa biyu, sai raga ta buɗe. Ƙwallayen da aka ci a rukuni na ɗaya suka tashi daga 1,192 a kakar 1924 zuwa 1925, suka kai 1,703 a kakar da ta biyo baya. Ted Harper na Blackburn Rovers ya ci 43 a wannan kaka, sannan George Camsell na Middlesbrough ya ci 59 a rukuni na biyu a kakar 1926 zuwa 1927. Ƙungiyoyi ba su daidaita tsaron gidansu nan take ba, duk da cewa Herbert Chapman na Arsenal ya fara jawo ɗan wasan tsakiya ya zama na uku a baya domin ya riƙa tsare ɗan gaban abokan hamayya.

Saboda haka gaskiya ne Dean ya zo a kan gaɓa. Sai dai dokar ɗaya ce ga kowa, kuma a rukuni na ɗaya babu wanda ya matso kusa da shi. Wanda ya fi kusa shi ne Tom Waring na Aston Villa da ya ci 49 a kakar 1930 zuwa 1931. Ya kamata kuma a tuna da irin ƙwallon wancan zamani, ta fata mai igiyar ɗauri, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi a filayen da sukan koma taɓo a lokacin hunturu. Ba a kuma sauya ɗan wasa idan ya ji rauni. Ko dai ya ɗingisa har a tashi, ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma.

Kakar 1927 zuwa 1928

Dean ya ci ƙwallo a kowanne daga cikin wasanni tara na farkon kakar. A watan Oktoba shi kaɗai ya ci Manchester United biyar a wasan da Everton ta yi nasara da ci 5-2. Yawancin ƙwallayen da yake ci da ka suna zuwa ne daga gefe, musamman daga ƙafar Alec Troup, wani gajeren ɗan Scotland da ke buga gefen hagu, wanda ya san daidai inda zai ɗaga masa ƙwallo.

A ƙarshen watan Fabrairun 1928 ya ci uku rigis a filin Anfield, a wasan da aka tashi 3-3 da Liverpool, adadin ƙwallayensa ya kai 43. Daga nan al'amura suka tsaya cik. Everton ta yi makonni ba ta ga raga ba, Huddersfield Town ta matsa mata lamba a saman teburi, kuma aka fara cire rai da batun tarihin Camsell. Wasanni tara suka rage, Dean na buƙatar ƙwallo 17. Ɗaya daga cikin taran ma ya wuce shi, domin ranar 31 ga Maris yana Wembley, inda Scotland ta lallasa Ingila da ci 5-1.

A watan Afrilu ya dawo da ƙarfinsa. Da wasanni uku suka rage yana da 51. Ya ci Aston Villa biyu, ya je gidan Burnley ya ci huɗu, amma ya fito daga fili da rauni a cinya. Mai kula da lafiyar 'yan wasan Everton, Harry Cooke, ya tare a gidansa yana yi masa jinya dare da rana har ranar wasan ƙarshe ta zo.

Kafin wannan rana Huddersfield ta riga ta yi tuntuɓe, kofi ya tabbata na Everton. Don haka mutum sama da dubu 48 da suka shiga Goodison Park ranar Asabar, 5 ga watan Mayu, abu ɗaya ya kawo su: ko Dean zai ci Arsenal uku.

Arsenal ce ta fara ci cikin mintunan farko. Nan take Dean ya rama da ka. Jim kaɗan aka kayar da shi a da'irar mai tsaron gida, ya buga fenaritin da kansa ya ci, ya yi daidai da Camsell tun wasa bai yi nisa ba. Daga nan sai ƙwallo ta ƙi shiga. Arsenal ta farke kafin hutun rabin lokaci, 'yan bayanta suka kewaye shi, lokaci na ta tafiya. Saura kimanin minti takwas a tashi Everton ta sami bugun kusurwa. Troup ya ɗago ta, Dean ya yi tsalle sama da kowa ya sa mata kai ta faɗa raga.

Arsenal ta sake farkewa aka tashi 3-3, amma ba wanda ya damu da wannan a filin. Everton ta kammala kakar da maki 53, biyu sama da Huddersfield, a zamanin da nasara ke da maki biyu. Ƙwallo 102 ta ci, ke nan fiye da rabi daga mutum ɗaya suka fito.

Faɗuwa da tashi

Shekara biyu bayan haka, a 1930, Everton ta ƙare a ƙarshen teburi ta faɗa rukuni na biyu, karo na farko a tarihinta. Dean bai bar ta ba. Ya ci 39 ta lashe rukuni na biyu a 1931, ya ci 45 ta lashe rukuni na ɗaya a 1932, sannan ya jagorance ta a matsayin kyaftin ta doke Manchester City 3-0 a wasan ƙarshe na kofin FA a 1933, inda ya ci ɗaya. A wasan ne aka fara sa wa 'yan wasa lamba a riga a wasan ƙarshe na kofin: 'yan Everton daga 1 zuwa 11, 'yan City daga 12 zuwa 22. Lamba 9 ta faɗo kan Dean.

Abin mamaki shi ne ƙarancin wasannin da ya buga wa ƙasarsa. Sau 16 kawai ya sa rigar Ingila, ya ci 18, kuma ba a sake kiransa ba bayan 1932, alhali bai wuce shekara 25 ba.

Duk wannan suna bai zame masa dukiya ba. A zamaninsa hukumar gasar ta ƙayyade albashin ɗan wasa, ba ya wuce fam 8 a mako lokacin da ake wasanni, komai gwanintarsa, kuma sai a 1961 aka soke wannan ƙa'ida. Mutumin da dubban jama'a ke biyan kuɗi su kalla kowace Asabar yana karɓar abin da duk wani babban ɗan wasan ƙungiyar ke karɓa.

A farkon 1937 Everton ta sayo wani matashi ɗan shekara 17, Tommy Lawton, daga Burnley. Dean ya san magajinsa aka kawo, duk da haka ya ja shi a jiki yana koya masa. Dangantakarsa da sakataren ƙungiyar, Theo Kelly, ta yi tsami, kuma a watan Maris na 1938 aka sayar da shi ga Notts County ba tare da wani bikin sallama ba, bayan ya ci wa Everton ƙwallo 383 a wasanni 433. Rauni ya hana shi yin abin kirki a can. A 1939 ya tsallaka Ireland ya buga wa Sligo Rovers, ya taimaka mata ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar, inda Shelbourne ta doke ta. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarshen wasansa, ya shiga aikin soja.

Jimillar ƙwallayensa a gasar lig ta Ingila 379 ne. Arthur Rowley kaɗai ya fi shi, da 434, shi ma akasarin nasa a ƙananan rukunoni ya ci su.

Ƙarshen rayuwa

Bayan yaƙi ya riƙe wata mashaya a birnin Chester na tsawon shekaru, daga baya ya koma ƙaramin ma'aikaci a kamfanin Littlewoods da ke Liverpool. Sai a 1964, shekara 26 bayan rabuwarsu, Everton ta shirya wasan karrama shi domin tara masa kuɗi.

Matarsa Ethel ta rasu a 1974. A 1976 aka yanke masa ƙafar dama saboda daskarewar jini, ya koma kan keken guragu, fita ta yi masa wuya.

Ranar 1 ga watan Maris na 1980 aka kai shi Goodison Park kallon wasan hamayya tsakanin Everton da Liverpool. Kafin wasan ya ci abincin rana tare da tsohon kocin Liverpool, Bill Shankly, wanda ya yi jawabin yabonsa a wurin. Liverpool ta yi nasara da ci 2-1, kuma a filin ne ciwon zuciya ya kama Dean ya mutu, yana da shekara 73. An ƙona gawarsa, aka watsa tokar a kan layin tsakiyar filin.

A 2001 aka kafa mutum-mutuminsa a wajen filin. A 2025 ƙungiyar maza ta Everton ta bar Goodison Park ta koma sabon filinta da ke bakin kogin Mersey, ta bar wa ƙungiyarta ta mata tsohon filin, kuma an bar mutum-mutumin Dean a inda yake.