Jibo Bakari da kujeru 11 na Damagaram da Tasawa

A filinmu na tunawa da magabata, yau za mu waiwayi rayuwar marigayi Jibo Bakari, ɗan siyasar da ya fara tunkarar talakan karkara kai tsaye domin neman ƙuri'arsa, a zamanin da aka saba bi ta fadar hakimi.

An haifi Jibo a shekarar 1922 a ƙauyen Sudure, dab da Yamai. Nan ne kuma mahaifar ɗan'uwansa Jori Hamani, wanda daga baya ya zamo babban abokin hamayyarsa. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta Wilyam Ponti da ke ƙasar Senegal, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. A 1947 ya zama babban magatakardan jam'iyyar PPN-RDA. Da jam'iyyar ta sassauta adawarta da Turawan mulki a farkon shekarun 1950, sai ya raba gari da ita, ya rungumi aikin ƙungiyoyin ƙwadago, kana ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Ita ce jama'a suka laƙaba wa suna Sawaba, mai alamar raƙumi.

A wancan lokaci, mafi yawan 'yan Nijar manoma ne da makiyaya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da izinin zaɓe, kuma inda hakimi ya nuna nan ƙuri'a ke zuwa. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a. 'Yan Sawaba sun yi amfani da wannan dama: direbobi, tailoli da ƙananan 'yan kasuwa ne suka riƙa kai saƙon jam'iyya kasuwa-kasuwa, suna yi wa manoma magana kan haraji, kuɗin gyaɗa da zaluncin masu iko.

A ƙarshen 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen majalisar ƙasa na watan Maris 1957, shi da abokan ƙawancensa na BNA, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya, suka lashe kujeru 41 daga cikin 60, ya kuwa jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Sai dai ƙawancen talaka da sarauta bai yi nisa ba.

A zaɓen raba-gardama na ranar 28 ga Satumba 1958, Jibo ya nemi jama'a su ƙi tayin Janar Degol, su zaɓi 'yancin kai nan take. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, sarakuna da dama suka juya wa Sawaba baya. Sakamakon da aka bayyana ya ce kashi 78 cikin ɗari sun amince da tayin, alhali akasarin masu rajista ba su ma fito ba. A watan Oktoba Jibo ya sauka daga mulki.

A zaɓen 14 ga Disamba 1958, duk da matsin lamba, mutanen Damagaram da Tasawa sun sake zaɓen Sawaba, suka ba ta kujeru 11. Ba a jima ba aka soke sakamakon mazaɓun biyu bisa zargin maguɗi, kujerun suka koma hannun ɓangaren gwamnati. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Daga nan zaɓen depite ya koma jerin sunaye guda da ake tsarawa a Yamai, kamar yadda aka yi a 1965 da 1970. Manomi bai sake samun zaɓi tsakanin jam'iyyu ba sai a 1993.

Gaskiya ta sa mu faɗi cewa Jibo ma ya yi kuskure mai tsada. Yana gudun hijira, a 1964 jam'iyyarsa ta turo mayaƙa ta kan iyakoki domin kifar da gwamnatin Jori. Yunƙurin ya ci tura, an kashe wasu, an ɗaure da yawa, ciki har da mutanen ƙauye da laifinsu kawai shi ne alaƙa da Sawaba.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, amma a 1975 aka kama shi, bai fito ba sai 1984. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ko kashi 2 cikin ɗari ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara, duk lokacin zaɓe muna jin ƙorafin da manoma ke yi cewa depite ba ya dawowa sai ƙuri'a ta tashi. Tarihin kujerun nan 11 yana tuna mana cewa akwai zamanin da ita kanta ƙuri'ar aka ƙwace. Duk lokacin da take hannunmu, wajibi ne mu fito mu jefa ta, kuma mu riƙa tambayar wanda muka tura majalisa abin da ya faɗa da sunanmu.

Allah ya jiƙan Jibo Bakari, ya gafarta masa kurakuransa.