Alhaji Umaru Bakabe: Malamin fatake da ya yi limanci a bakin kogin Bolta

A littattafan da ya rubuta da Larabci, Alhaji Umaru ɗan Abubakar yakan jingina kansa ga wurare fiye da ɗaya: Bakabe ne ta wajen asali, Bakano ta wajen haihuwa, mutumin Salaga ta wajen zama. Mutanen Gana kuwa sun fi saninsa da Imam Umaru na Karachi, garin da ya yi kusan shekara arba'in a cikinsa. A Birnin Kebbi da Argungu, ƙasar kakanninsa, ba kowa ne ya taɓa jin sunansa ba, alhali yana cikin waɗanda suka fara rubuta tarihin Kabi da harshen Hausa.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa malami ne kuma falke, irin mutanen nan da ke ɗaukar littafi a gafaka da haja a kan jaki, su kama hanyar Gwanja neman goro. A wancan zamani ayari yakan tashi daga Kano da rini da kanwa da kayan fata, ya bi ta ƙasar Sakkwato da Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga sarakunan hanya masu karɓar fito. Umaru ya yi karatun allo a Kano, sannan ya nemi ilimi a ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi, a daidai lokacin da Kabawan Argungu da Gwandu ba sa ga maciji da juna. Tun yana saurayi ya riƙa bin fatake zuwa yamma, yana ciniki yana karatu.

Aikinsa na farko da aka sani ya nuna irin mutanen da yake tunani a kansu. A shekarar 1877, bai ma cika shekara ashirin da haihuwa sosai ba, ya wallafa wani ɗan littafi na Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Wanda ya san fatauci zai gane amfaninsa nan take. Maigida yana Kano, yaronsa yana Salaga, bashi yana hannun wani a Yandi. Babu waya, babu banki, sai takarda da amana. Wasiƙar da aka tsara da kyau, wadda ta ba kowa girmansa ta kuma fayyace abin da ake nufi, tana iya kwato dukiyar da sanda ba za ta kwato ba.

Salaga da ya sani a ƙuruciyarsa babbar kasuwa ce, inda goron Asante ke haɗuwa da kayan Arewa, inda kuma ake cinikin bayi, abin da tarihi ba zai rufe ido a kansa ba. Amma tun 1874, da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan ƙasashen arewacinta ya yi rauni, hanyar goro ta fara karkata. Sai kuma a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta. Aka watsa garin, fatake suka tarwatsa, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu har Ankara a bakin teku. Malam Umaru na cikin waɗanda daga baya suka nufi Kete, ya isa wajen 1896. A zamansa na Salaga ne ya san wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda ya tattara rubuce-rubucen ajami masu yawa.

Kete zango ne na baƙi Musulmi, kusa da tsohon garin Karachi na 'yan ƙasa, a gefen kogin Bolta. Jiragen kwale-kwale suna hawowa daga Ada, can bakin teku, ɗauke da gishiri da kayan Turawa, su sauke a nan. Daga nan kuma jakuna da 'yan dako su kwashe zuwa arewa. Wato tashar ruwa ce da ta haɗa da tashar ayari, shi ya sa Jamusawa suka kafa barikinsu a wurin a 1894, suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinsu a Togo. Karachi kuma gari ne na tsafin Dente, wanda bokansa ke da iko ƙwarai a kan kasuwa da masu shige da fice, har sai da Jamusawa suka kashe shi a wannan shekara. A irin wannan wuri, Bahaushe da Bayarabe da Bagwanje da Badagombe suna zaune unguwa ɗaya, kowa da shugabansa, kowa da abin da yake karewa. Limamin gari ba jan salla kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaura aure, shi ke raba gadon falken da ya mutu nesa da gida, shi ke shiga tsakanin mai bashi da wanda ake bi, shi ne kuma sau da yawa bakin jama'a a gaban Bature.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka yi jayayya a kan limancin. Akwai wani malami, Liman Gado, da ke riƙe da shi kafin zuwan Umaru, jama'a suka rabu biyu. Labarin da ake bayarwa shi ne, jami'in Jamus na wurin, Graf Zech, wanda daga baya ya zama gwamnan Togo, ya gwada su biyun da karatun wani babban ƙamus na Larabci, Umaru ya yi fice, aka ba shi limanci. Akwai abin dubawa a nan: Baturen da ba ya salla shi ne ya yanke wa Musulmi hukuncin wanda zai ja su salla. Haka zamanin ya zo, kuma Malam Umaru ya fi kowa sanin ɗacin abin.

Waƙoƙinsa sun shaida haka. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, inda ya jero garuruwa da sarakunan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma bayyana yadda baƙin suka shigo da sunan ciniki kafin su juya su zama masu mulki. Duk da haka bai ƙaurace musu ba. Ya zauna da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya zama jami'in mulki a Kete-Karachi, ya rubuta masa bayanai masu tsawo da ajami a kan ƙasar Hausa: noma, rini, saƙa, jima, kasuwanni, haraji, bauta, aure, sarauta. Masu son su ga malami ko dai mai tawaye ko ɗan koren Bature za su sha wahala da shi, domin bai shiga ko ɗaya daga cikin akwatunan nan biyu ba. Mutum ne da ya ga cewa takobi ya riga ya faɗi, ya zaɓi ya tsare abin da alƙalami zai iya tsarewa.

Cikin abin da ya rubuta har da tarihin Kabi, tun daga Kanta. Wannan rubutu ya yi shekaru a Jamus kafin wani masani, Heinz Sölken, ya buga shi da fassara daga 1959. Bayanansa na ƙasar Hausa kuwa Mischlich ya fitar da su a littafi a 1942, sannan Douglas Ferguson ya fassara su zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na 1973 a Amurka. Duk mai binciken yadda sana'a da ciniki suke a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, da wuya ya wuce bai leƙa su ba.

'Yan kasuwa za su fi jin daɗin Waƙar Talauci da Wadata, wadda a cikinta ya zayyana yadda jama'a ke wulaƙanta marar abin hannu, a ƙi sauraronsa ko da gaskiya ya faɗa, a kuma girmama mai kuɗi ko da shirme yake yi. Ba zagin dukiya ya yi ba, domin shi ɗan fatake ne, ya san darajar nema. Halin mutane ya tona. Ya kuma mai da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga wani sashe nasa a 1934.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Kafin ya dawo duniya ta sake juyawa: Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka kori Jamusawa daga Togo, Kete-Karachi ta faɗa hannun Ingila. Wajen ƙarshen yaƙin annobar mura ta 1918 ta ratsa Afirka ta Yamma, ita ma bai bar ta ba sai da ya yi mata waƙa, yana bayyana yadda take kama mutum. Ya ci gaba da limanci da koyarwa, ɗalibai suna zuwa daga zangunan Kumasi da Tamale da Ankara da sauran garuruwa, su koma su zama limamai da malamai a can. Kasuwar Kete kuwa tana ta ja da baya, domin jirgin ƙasa da mota da jirgin ruwa na teku sun kwace wa ayari aikinsa, goro ya koma bi ta Legas zuwa Kano.

Ya rasu a Kete-Karachi a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka binne tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato, ziyarar da ta haifar da bikin kamun kifi na yau. Shekara talatin bayan haka aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Bolta ya shanye tsohon garin da kasuwarsa da mashigar kwale-kwalensa, aka tashi mutane zuwa sabon matsuguni. A wannan tsakani ne masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gidajen almajiransa suna ɗaukar kwafin rubuce-rubucensa, waɗanda ke ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar.