Samuel Johnson, Faston da Ya Yi Jigila Tsakanin Sansanonin Yaƙi

Tun da aka sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, maganar mai shiga tsakani ba ta bar bakinmu ba a Yauri, Ngaski da Shanga. Wasu 'yan'uwa na ganin duk wanda ya zauna da mai bindiga ya zama nasa. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu dubi rayuwar wani bawan Ubangiji da ya ɗauki irin wannan kaya.

An haifi Samuel Johnson a 1846 a Hastings, ƙasar Saliyo. Iyayensa Yarbawa ne, 'yantattun bayi. Yana yaro suka dawo Ibadan aikin mishan na CMS, ya yi karatu a Abeokuta, ya koma Ibadan yana koyarwa da wa'azi.

A 1877 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ibadan da haɗakar Ekiti da Ijesha, wanda aka laƙaba wa Kiriji saboda ƙarar bindigogi. Ilori ma ta shiga, kuma a lokacin tana bin Gwandu ne, ta nan jiharmu. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya ci wani, ba kuma wanda zai fara neman sulhu a ce ya karaya. Daga 1881 Johnson ya soma kai wasiƙun Alafin na Oyo zuwa ga gwamnatin Legas.

A 1886 Gwamna Moloney ya aiki ma'aikatan ikilisiya biyu: Johnson zuwa sansanin Ibadan, Charles Phillips na Ondo zuwa sansanin Ogedengbe. Nan ne muke ganin hikimar. Kowa ya san Johnson mutumin Oyo ne, shi ma bai ɓoye ba. Ba a nemo baƙon da ba ruwansa da kowa ba. Kowane ɓangare aka ba shi mutumin da ya sani, su biyun kuma suka amince da juna. Ba soja, ba kuɗi, sai takarda da tafiya. Aka tsagaita wuta, aka yi shelar zaman lafiya ran 23 ga Satumba, 1886.

Amma mu faɗi gaskiya, aikin bai cika ba. Faɗan Ibadan da Ilori ya ci gaba, sai a 1893 Gwamna Carter ya zo da sojojin Hausawa ya watsa sansanonin. A shekarar ce kuma Ibadan ta shiga hannun Ingila. Ƙofar da fasto ya buɗe da rarrashi, mai ƙarfi ne ya bi ta cikinta da tasa bukata. Har yau, ko ECOWAS ce ta shiga tsakani ko wata babbar ƙasa, muna tambayar abin da ta zo nema.

Johnson ya ƙare hidimarsa yana fasto a Oyo. Tarihin Yarbawan da ya kammala a 1897 ya ɓace a Landan, shi kuma ya rasu a 1901. Ƙanensa, Dokta Obadiah, ya sake haɗa littafin daga takardun da ya bari, aka buga shi a 1921.